Jita da jita-jita: me ya hana waƙoƙin Fleetwood Mac tsufa, kuma wa ke cin kuɗinsu yanzu?

Wai ta yaya waƙar da aka fitar a 1977, lokacin da iyayen wasunmu ko aure ba su yi ba, za ta riƙa dawowa tana tashe a TikTok kamar jiya aka yi ta? Kuma in ta dawo ɗin, aljihun wa kuɗin ke shiga, tunda masu waƙar wata ta rasu, wasu kuma sun yi shekaru ko gaisawa ba sa yi?

Tambayar da ake ta yi kenan a kan ƙungiyar mawaƙan nan ta Fleetwood Mac tun watan Satumban 2020. A lokacin ne wani bawan Allah a jihar Idaho ta Amurka mai suna Nathan Apodaca, motarsa ta mutu a hanya zai tafi aiki a wani siton dankali, sai ya hau ɗan allon nan mai tayoyi ya miƙa titi, yana kurɓar lemon Ocean Spray daga roba yana bin waƙarsu "Dreams" da baki, ya ɗauki kansa a waya ya ɗora. Shikenan fa abin da ya yi. Cikin 'yan makonni waƙar ta koma jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe na Billboard, ta shigo a ta 21 ta hau har ta 12, kundin da take ciki wato Rumours ya koma cikin goma na farko bayan shekara 43 da fitowarsa. Kamfanin lemon ya ba shi sabuwar mota kyauta, shi kuma tsoho Mick Fleetwood mai ganga ya buɗe TikTok musamman don ya kwaikwayi bidiyon.

Mutane da yawa sun ɗauka sa'a ce kawai, wasu kuma suka ce ai gulmar soyayyar 'yan ƙungiyar ce ke sayar da waƙoƙin. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma ni dai ban yarda nan maganar ta tsaya ba.

Tukuna, mene ne ma soft rock, irin kiɗan da aka san su da shi?

Bari mu fara warware wani ruɗani namu na gida. A Najeriya duk waƙar Turanci mai sanyi, irin wadda gidajen rediyon FM ke sakawa da daddare ko wadda yayyenmu ke ji a kaset, sunanta "blues" a bakinmu, Celine Dion blues, Air Supply blues, Michael Bolton ma blues. To a can wurin masu abin ba haka ba ne. Blues na asali kiɗan baƙaƙen fatan kudancin Amurka ne, jikokin bayi, kiɗa ne na kukan zuci da jita mai ɗaci, irin na su B.B. King da Muddy Waters. Kaso mai yawa na abin da mu muke kira blues, su soft rock suke ce masa.

Shi rock kiɗa ne na jitar lantarki da ganga mai ƙarfi da ɗaga murya. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970 sai wasu suka sassauta shi, aka rage hayaniyar jitar, aka turo murya gaba yadda za ka ji kowace kalma, aka sa piyano da jitar katako, mutum biyu ko uku su haɗa murya wuri ɗaya, sannan a zauna a situdiyo a goge sautin tas babu ƙura. Maganar da ake yi a ciki kusan kullum ta so ce da rabuwa. Su Carpenters da Bread da Air Supply duk nan suka faɗo. Gidajen rediyo sun so shi sosai don kiɗa ne da ba ya korar kowa, uwa a kicin za ta ji, direba zai ji, mai shago zai bar shi yana yi bai dami kwastoma ba.

Abin dariyar shi ne Fleetwood Mac, wadda yau ake kawo ta misali in ana maganar soft rock, da blues ɗin gaske ta fara.

Ƙungiya ɗaya, rayuwa biyu

A Landan aka kafa ta a 1967, kuma wanda ya kafa ta ba Fleetwood ba ne ba kuma Mac ba. Wani gwanin jita ne Peter Green, sai ya ɗauki sunan mai gangarsa Mick Fleetwood da na mai jitar bes (jita mai kaurin sauti) John McVie ya haɗa ya raɗa wa ƙungiyar. Kamar ya san abin da zai faru, don su biyun nan ne kaɗai suka zauna kusan daga farko har ƙarshe, kowa ya zo ya tafi ya bar su. Green ne ya rubuta "Black Magic Woman" a 1968, wadda mutane da yawa ke zaton ta makaɗin nan Santana ce saboda shi ya sake yin ta a 1970 ta fi tashe, kuma kiɗansa "Albatross" da babu ko kalma ɗaya a ciki ya zo na ɗaya a Ingila.

Daga nan sai abubuwa suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Green ya faɗa shan ƙwayar LSD, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya bar ƙungiyar a 1970. A 1971 suna Los Angeles za su yi wasa, ɗaya mai jitar Jeremy Spencer ya ce zai fita ya sayo abin karantawa, bai dawo ba, sai bayan kwanaki aka gano shi ya shiga wata ƙungiyar addini da ake kira Children of God. A 1972 aka kori Danny Kirwan. A 1973 wani mai jitar da suka ɗauka, Bob Weston, ya nemi matar Mick, aka kore shi aka soke rangadin da suke yi a Amurka. Shi kuma manajansu da ya ga kuɗi za su wuce shi, sai ya tattaro wasu makaɗa daban ya tura su yawo a 1974 da sunan Fleetwood Mac, mutane suka sayi tikiti suka zo suka ga baƙin fuskoki. Sai da aka je kotu kafin masu sunan su karɓi sunansu. Ka riƙe wannan a ranka, don maganar wa ya mallaki me za ta sake dawowa.

A cikin wannan hargitsi matar John, Christine McVie, mai piyano kuma marubuciyar waƙa, ta riga ta shigo tun 1970. Suka tattara suka koma Kalifoniya. Ƙarshen 1974 Mick ya je duba wani situdiyo mai suna Sound City, injiniyan wurin ya kunna masa wata waƙa don ya ji yadda ɗakin ke fitar da sauti, shi kuma sai kunnensa ya tafi kan jitar. Mai jitar wani matashi ne Ba'amurke, Lindsey Buckingham, wanda shi da budurwarsa Stevie Nicks suka yi kundi ɗaya a 1973 bai sayu ba, har ita tana aikin kai abinci a gidan cin abinci da sharar gidan mutane don su samu na haya. Mick ya ce yana son mai jita. Lindsey ya ce in dai ba da ita ba, ba ya zuwa. Haka aka ɗauke ta a matsayin gyara, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu a kai, kuma wannan gyaran ce daga baya ta zama fuskar ƙungiyar gaba ɗaya.

Kundinsu na 1975 ya kai na ɗaya a Amurka. Ingilishi uku, Amurkawa biyu, maza uku mata biyu, kuma uku daga cikinsu kowa na rubuta waƙarsa ya rera da bakinsa. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan komai.

Habaici da wanda ake yi wa yana riƙe da jita

A 1976 suka shiga situdiyon Record Plant da ke Sausalito kusa da San Francisco don yin kundi na gaba, kuma a daidai lokacin gidan kowa ya kama da wuta. Auren John da Christine na shekara 8 ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Stevie da Lindsey sun rabu amma kullum cikin cacar baki. Mick ma aurensa da Jenny Boyd ya watse. Jaridu suna ta rubuta ƙarya da gaskiya a kansu, shi ya sa John ya kawo shawarar a sa wa kundin suna Rumours, wato jita-jita.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a harkar habaici, mun san waƙar da kishiya ke yi tana daka, ba ta kama suna ba amma duk gidan an san da wa take. To bambancin shi ne ita kishiyar da ake yi wa ba a ce ta zo ta riƙe taɓarya ta taya ba. A Fleetwood Mac kuwa dole ne. Lindsey ya rubuta "Go Your Own Way" yana ce wa Stevie ta kama gabanta, har da wani layi da ke nuna wai ita ba ta da aiki sai bin maza, ta roƙe shi ya cire ya ƙi, kuma ita ce aka tsayar a gaban makirfo ta yi masa amshi, ta kuma ci gaba da yin amshin nan a gaban dubban mutane shekara da shekaru. Ita kuma ta shiga wani ɗaki a situdiyon da ake cewa na mawaƙi Sly Stone ne, ta zauna da ƙaramin piyano, cikin kamar minti 10 ta rubuta "Dreams", amsarta kenan, a sanyaye ba zagi, tana gaya masa zai gane abin da ya rasa ranar da kaɗaici ya ishe shi.

Ga wurin da ni abin ya fi burge ni. Waƙar da ta kawo kusan sauti biyu ne kacal ake juyawa a kai daga farko har ƙarshe, Christine da kanta ta ce da ta fara ji ta ɗauka waƙa ce mai gundura. Wa ya zauna ya gina ta, ya raba ta gida-gida yadda kowane sashe zai zo da launinsa duk da sautin bai canza ba, ya sa mata jitar nan mai shigowa kamar iska tana fita? Lindsey ɗin da ake yi wa habaicin. Da ya so ai da ya yi mata aikin gangan waƙar ta mutu a nan, ba wanda zai kama shi. Bai yi ba, kuma "Dreams" ita ce waƙa ɗaya tilo da ƙungiyar ta taɓa kaiwa ta ɗaya a jerin Billboard na Amurka. Tasa ta tsaya a ta 10.

Christine ma ba a bar ta a baya ba. Ta rubuta "You Make Loving Fun" a kan sabon saurayinta, wanda shi ne mai kula da fitilun dandalin ƙungiyar, ta ce wa John wai a kan karenta ta yi, shi kuma ya sunkuyar da kai ya kaɗa mata bes mai daɗi. "Don't Stop" kuma lallashi ne take yi wa shi John ɗin, ya daina waiwaye ya dubi gobe. Wannan waƙar ce Bill Clinton ya ɗauka ya yi kamfe da ita a 1992, har ya sa suka sake haɗuwa suka yi wasa a bikin rantsar da shi a Janairun 1993. Ka ji fa, mu nan ɗan siyasa kiran mawaƙi yake ya biya a yi masa sabuwa da sunansa da na jam'iyya, can kuma waƙar sakin aure aka ɗauko aka ci zaɓe da ita.

Sai aikin hannu, wanda masu cewa gulma ce kawai ke mantawa da shi. Kusan shekara guda suka yi a kan kundin tare da injiniyoyi biyu, Ken Caillat da Richard Dashut. Lokacin babu kwamfutar da za ka ja ka manna, zaren tef ne ake yanka da reza a haɗa da salatif. Gangar da ka ji a "Dreams" wani ɗan guntun kiɗan Mick ne aka yanko aka haɗa bakinsa da bakinsa yana ta zagayawa, shi ya sa take tafiya daram kamar bugun zuciya, kuma in ka lura irin abin da masu haɗa kiɗa ke yi yau a laptop kenan. "The Chain" kuwa daga gutsattsarin waƙoƙi daban-daban aka ɗinka ta, ƙarshenta mai bes ɗin nan daga wata waƙar Christine da aka ajiye aka ciro shi, kuma BBC ta yi shekaru tana buɗe shirin tseren motoci na Formula One da shi. Sun murza tef ɗin har ya gaji sautin ganga ya dushe, sai da aka koma kan kwafin ajiya aka daidaita su da kunne.

Kundin ya fito ranar 4 ga Fabrairun 1977, ya yi mako 31 yana na ɗaya a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1978, kuma zuwa yanzu an sayar da sama da kwafi miliyan 40. Yaron da ya ji "Dreams" a TikTok bai san Stevie ba bai san Lindsey ba, bai san wa ya saki wa ba, abin da ya kama shi daƙiƙa 20 ne na ganga da bes da murya. Gulmar daga baya yake zuwa ya tarar da ita, ita ce ke sa ya zauna ya ji sauran waƙoƙin. Amma ƙofar shiga aikin ne.

Masu cewa ba a yi komai ba

Ba kowa ya yarda da wannan yabon ba, kuma masu sukar kashi-kashi ne. Akwai tsofaffin masoya blues na Ingila da har gobe suke cewa Fleetwood Mac ta gaskiya ta mutu ranar da Peter Green ya tafi, abin da ya biyo baya kasuwanci ne. Akwai 'yan punk, matasan da suka taso a daidai 1977 ɗin da kiɗan fushi da tsiya, su a wurinsu wannan kiɗan attajirai ne da ke kuka a cikin manyan motoci alhali matasa ba aikin yi. Shi kansa Lindsey maganar ta shige shi, shi ya sa kundi na gaba, Tusk na 1979, ya birkita shi da gangan ya sa sautuka masu kaushi, aka kashe sama da dala miliyan 1 wurin yin sa, ya sayu miliyoyi amma bai kama ƙafar Rumours ba, kamfani ya ɗauke shi faɗuwa, sauran 'yan ƙungiyar suka ɗora masa laifi. Yau kuma shi ne kundin da masu ji da kansu a harkar kiɗa suka fi yabo.

Sukar da na fi ba wa nauyi ita ce ta yadda ake ƙawata rayuwar da suka yi. In ana ba da labarin Rumours sai a riƙa ambaton hodar ibilis da giya kamar wani ado ne, kamar su ne suka kawo basirar. Lissafin da ya biyo baya bai nuna haka ba. Hodar ta huda wa Stevie cikin hanci, ta shiga asibitin Betty Ford a 1986, daga nan likita ya ɗora ta kan maganin kwantar da hankali na Klonopin ta yi kusan shekara 8 a cikinsa, shekarun da ita da bakinta take cewa an sace mata. Mick, mutumin da ke cikin ɗaya daga kundayen da suka fi sayuwa a tarihi, ya tsiyace a 1984 har kotu ta tabbatar ba zai iya biyan bashi ba. Green kuwa ya yi shekaru yana fama da taɓin hankali kafin ya rasu a 2020. Duk wanda ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samarin unguwarsu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, a farkon 1981 Mick ya kwaso kayan ɗaukar sauti ya zo Accra, ya yi makonni a situdiyon hukumar fina-finan Ghana yana aiki da makaɗan gargajiya na can, ya fitar da kundinsa na kansa mai suna The Visitor. Shekara 5 kenan kafin Paul Simon ya yi Graceland da mawaƙan Afirka ta Kudu duniya ta ɗauka. Na Mick bai yi kasuwa ba, ya dai ƙara masa ramin bashi.

To kuɗin fa, wa ke ci?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kowace waƙa da ka ji dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, kalmomi da karin, wannan ta wanda ya rubuta ce. Ta biyu ita ce ɗaukar da aka yi a situdiyo, ainihin sautin da ke shiga kunnenka, wannan yawanci kamfanin da ya biya kuɗin aiki ne ke riƙe da ita, a nan Warner, sai ya riƙa ba makaɗan kasonsu. In aka sa "Dreams" a rediyo ko a fim ko a talla, ko wani ya sake rera ta, marubuciya Stevie tana da kaso ta ƙofar farko. Mick da John da suka kaɗa ganga da bes ba su da komai ta wannan ƙofar, sai ta biyun. A duk cikin Rumours waƙa ɗaya ce tak aka rubuta sunan su biyar a matsayin marubuta, "The Chain". Shi ya sa a ƙungiya ɗaya, mota ɗaya, dandali ɗaya, wani ya fi wani arziki nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa faɗan waƙar wa za a sa a kundi ba faɗan girman kai ba ne kawai, faɗan abinci ne.

Da zamanin kaset da CD, tsohuwar waƙa in an saya an saya kenan. Yanzu da ake ji ta Spotify da YouTube da Apple Music, duk kunnawa ɗaya ɗan ƙwabo ne ke ɗiga, kuma waƙar da ta yi shekara 40 ana ji ba ta da alamar dainawa, ta zama kamar gidan haya a bakin kasuwa. Shi TikTok ɗin kansa ba wani abin kirki yake biya ba, amfaninsa shi ne ya tura mutane su je su nemi cikakkiyar waƙar inda ake biya. Masu kuɗi suka farga da haka suka fara sayen tsofaffin waƙoƙi kamar yadda ake sayen filaye.

Dubi jerin yadda abin ya faru bayan bidiyon mai lemo. Disambar 2020 Stevie ta sayar da kashi 80 cikin 100 na haƙƙin rubutunta ga kamfanin Primary Wave, rahotanni suka ce an yi wa dukiyar kuɗi kusan dala miliyan 100. Janairun 2021 Lindsey ya sayar da nasa ga kamfanin Hipgnosis, a watan nan dai Mick ya sayar wa kamfanin BMG kasonsa na ɗaukar sauti. Agustan 2021 Christine ma ta sayar wa Hipgnosis nata. A 2024 kuma babban kamfanin zuba jari na Blackstone ya saye asusun Hipgnosis ɗin ɗungurungum. Wato yau in ka kunna "Go Your Own Way", wani kaso na ƙwabon yana tafiya ne wurin masu hannun jarin da wataƙila ba su taɓa riƙe jita ba.

Masu goyon baya suna cewa mutum ya haura 70, gara ya karɓi kuɗinsa a dunƙule ya raba wa magada da hannunsa, da ya mutu ya bar su suna shari'a kan takardun da ba su fahimta ba. Masu adawa suna cewa wanda ya sayi waƙa da miliyoyi dole ya fanshe, don haka za ka ji waƙar da aka rubuta da hawaye tana tallar mota ko inshora, kuma kuɗin da kamfanoni ke zubawa a tsofaffin waƙoƙi kuɗi ne da ba su zuba a sababbin mawaƙa ba. Sabon yaro yau ba da sa'anninsa kaɗai yake takara ba, har da Rumours, kuma Rumours ba ya gajiya ba ya neman kuɗin mota.

Ga mai sauraro irina da kai, abin da zai canza shi ne za mu ƙara jin tsofaffin waƙoƙin nan a fina-finai da tallace-tallace, ba don sa'a ba, don akwai ofis guda da aikinsa kenan. Ga mawaƙanmu kuma da suka saba a biya su kuɗin waƙa sau ɗaya a situdiyo su sallama komai ba takarda, lissafin su Stevie abin dubawa ne, don ita sai da ta riƙe haƙƙinta shekara 43 kafin ranar sayarwa ta zo, kuma ranar ta zo ne ta hanyar da ba wanda ya taɓa hasashe, mutum a kan allo mai taya da robar lemo.

Ƙungiyar ta mutu ne ko da saura?

Lindsey ya fita a 1987 bayan kundin Tango in the Night, ya dawo a 1997, aka kore shi a 2018. Shi ya ce Stevie ce ta ce ko ita ko shi, ita ta ce ba ta sa a kore shi ba, ta dai ce ba za ta ƙara aiki da shi ba, kai ka nemo bambancin. Ya kai su kotu aka sasanta a waje, aka ɗauko mutum biyu, Mike Campbell da Neil Finn, suka cike gurbinsa. Christine ta rasu ranar 30 ga Nuwamban 2022 tana da shekara 79, kuma Stevie ta sha faɗa cewa ba ta ga yadda za a yi Fleetwood Mac babu ita ba. A Satumban 2025 dai an sake fitar da kundin nan na 1973 da ita da Lindsey suka yi wanda bai sayu ba, su biyun suka tallata shi a shafukansu, masoya suka yi ta murna wai an shirya. Jita-jita dai ba ta ƙare ba.

Akwai waƙa ɗaya da ta haɗa duk zaren nan. Lokacin Rumours Stevie ta rubuta wa Lindsey wani habaicin da ya fi "Dreams" zafi, "Silver Springs", inda take ce masa muryarta za ta bi shi duk inda ya je ba zai tsere mata ba. Haƙƙin rubutun waƙar kuma ta ba mahaifiyarta Barbara kyauta. Sai aka ce faifan ba zai ɗauka ba, waƙar ta yi tsawo, Mick ya tare ta a wurin ajiye motoci ya gaya mata an cire. Aka manna ta a bayan ƙaramin faifan "Go Your Own Way", wato amsarta a bayan zaginsa, kyautar uwa kuma ta zama kusan ba komai. A farkon shekarun 1990 ta nemi a ba ta waƙar ta sa a kundinta na kanta Mick ya hana, yana cikin dalilan da suka sa ta bar ƙungiyar a lokacin.

Sai 1997 da suka sake haɗuwa aka ɗauki wasan The Dance a bidiyo. Da aka zo ƙarshen waƙar ta juya ta kafe Lindsey da ido tana rera masa ita kai tsaye, shi kuma yana kallonta yana kaɗa jitar yana mata amshi, shekara 20 bayan rabuwarsu. Kundin wasan ya zo na ɗaya a Amurka, waƙar ta shiga takarar Grammy, kuɗin da Barbara ba ta gani ba a 1977 suka fara shigo mata. Guntun bidiyon nan na kallon-kallo shi ne wanda 'yan shekara 19 ke ta yankowa suna ɗorawa a TikTok yanzu.